Alamar da Kaka Ta Kafa wa Jirgin Sama

Ranar wata Talata ce a ƙarshen damina, shekara guda bayan an yanke mana Jihar Kebbi daga Sakkwato. Ina tsugune a bakin murhun banda ina juya ƙarfasa, hayaƙi na cin idona, sai rediyon Baffa Isa ya faɗi maganar da ta tsayar da gidanmu cak. Baffa Isa ƙanen babana ne, masunci, kuma ba ya gyaran taru sai da rediyo rataye a reshen mangwaron tsakar gida. Labaran rana ake karantawa. Mai karatun ya ce wani jirgin sama na fasinja ya yi karo da dutse yana shirin sauka cikin ruwan sama da hazo, ba a zaton akwai wanda ya tsira, kuma a cikin matafiyan har da baƙi 'yan ƙasashen waje. Sannan ya kira sunan ƙasar. Shekaruna tara a lokacin, bakina bai iya faɗin sunan nan daidai ba, amma kunnena ya san shi sarai. Can babana yake, kuma a makon nan aka ce mana zai taso.

Inna tana dakan dawa a gindin rumbu, da tsohon cikinta. Ta sauke taɓarya a hankali ta jingine, ta zauna a ƙasa nan inda take, ba tabarma ba komai. Baffa ya miƙe ya kama rediyon da hannu biyu yana murɗawa, ko wata tasha za ta ƙara bayani, bai samu komai ba sai kiɗa da ƙara. Kifin da na bari a kan wuta ya ƙone ƙurmus, ba wanda ya ce mini uffan. A nan na gane abin ya kai inda ya kai, domin a gidanmu ba a ƙona kifi a kwana lafiya. Kaka, mahaifiyar babana, ta fito daga ɗakinta tana tambayar abin da ya faru. Baffa ya kasa duban ta. Ni ce, da bakina da ba ya riƙe magana, na ce mata, "Kaka, jirgin Baba ya faɗi."

Tungarmu ƙarama ce, a bakin tabkin Kainji, ba nisa sosai da Wara. Gaba ruwa, baya gonakin gero da dawa, daga can sai wani dutse mai tsayi wanda Kambari ke noma a gindinsa. Babana shi kaɗai ne a zuriyarmu ya yi boko mai zurfi. Malamin kifi ake ce masa, yana yawo tunga-tunga a kan tsohon babur yana roƙon masunta su bar taru mai ƙananan ido, su kuwa suna ba shi fura suna ce masa to. A daminar nan aka zaɓe shi cikin waɗanda za su je wata ƙasa can gabas mai nisa su koyo kiwon kifi a kududdufi. An sha dariya a mashaya. Wani tsoho ya tambaye shi ko zai dawo da akurkin kifi, wani ya ce a sayo masa igiyar ɗaure tarwaɗa. Ranar tafiyarsa duk tunga ta raka shi bakin ruwa, domin da damina hanyar mota yankewa take yi, sai an shiga kwalekwale zuwa Wara, daga nan mota zuwa Yelwa, daga nan kuma sai inda Allah ya nufa. Ya dafa kaina ya ce in riƙa taya Inna ɗebo ruwa, zai dawo kafin gero ya shiga rumbu. To ga shi an fara karya gero.

Yanzu idan na ba 'ya'yana labarin nan, sukan tambaye ni me ya sa muka yanke cewa lalle jirginsa ne. Ba su san tunga ba. Mu a wurinmu, jirgin da ke zuwa Wara ranar kasuwa guda ne, mun san mai shi, mun san ƙarar injinsa, mun san lokacin tashinsa. In aka ce jirgin kasuwa ya kife, ba ka tambayar wanne, sai dai ka tambayi wa da wa ke ciki. Haka muka ɗauki na sama. Ƙasa guda, mako guda, ai jirgi guda ne, kuma an ce akwai baƙi a ciki, wane baƙo kuwa ya fi babana baƙunta a can? Waya babu, ko a Wara ban san mai ita ba. Washegari Baffa ya tafi Yelwa, ofishin da ya tura Baba, ya kwana can ya dawo da ƙafafu duk laka. Ya ce su ma ba su ji komai ba, sun ce za su bincika, a yi ta addu'a. Wannan amsar ta fi mini rashin amsa ciwo.

Kafin Baffa ya dawo ma mutane sun fara zuwa. Mata su shigo da lulluɓi su durƙusa gaban Inna, su rasa abin da za su ce, gaisuwar mutuwa ko ta jaje, sai su haɗa biyun su yi wata iri. Maza su tsaya a ƙofar gida suna sunkuyar da kai. Da Baffa ya ga abin ya yi yawa, sai ya ce a fitar da tabarmi a shimfiɗa a waje, a karɓi mutane yadda ya kamata, tunda dai ga yadda Allah ya yi. Ya aike ni ɗakin Kaka in ɗauko babbar tabarma. Na same ta zaune a kanta.

"Ba a shimhiɗa tabarma gidanga," in ji ta, da ƙarfi yadda na waje za su ji. "Wa yag ga gawa? Ruwa ma in ya ci mutum yana maido shi, mu gani da idonmu, kana mu yi kuka. Isa, in zama kaka so, zamna ƙasa."

Ba ta kira sunan babana ba, kuma ban yi mamaki ba, domin tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ɗan farinta ne, kunyarsa take ji irin ta mutanen da. "Babanku" take cewa, ko "malamin kifi" in tsiya ta motsa, ko kuwa "wancan". Ko ruwa yake sha ya shaƙe, ba za ta ce sannu ba, sai dai ta harari Inna don ta ce. Muna yara mun ɗauka Baffa Isa kaɗai take so.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su, amma ba su bar ni ba. Aiki bai tsaya ba, gero ba ya jiran kowa. Da safe in ɗauki tulu in je bakin ruwa, in dawo in share tsakar gida, in kai wa masu karyar gero fura a gona, da la'asar in kora awaki. Sai dai komai nake yi idona na sama. Hadari ya taso daga gabas, ya lulluɓe kan dutsen bayan tunga har a daina ganinsa. Ƙawayena suka daina kira na wasan carafke, in na zo wucewa su yi shiru, uwayensu sun ce kada a dame ni. Na tsani tausayin nan. Wata ma ta miƙo mini duwatsun carafkenta masu santsi, waɗanda a da ko taɓawa ba ta bari a yi, na watsar da su na tafi ina kuka. Inna kuwa ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta. Ba ta kuka a gabanmu, amma ta wanke rigunan Baba da ke cikin akwati, waɗanda ba su yi datti ba, ta shanya, ta ninke, ta sake wankewa. Tsoro biyu nake ji: na rasa Baba, da na abin da zai sami Inna da cikin nan in maganar ta tabbata.

A makaranta ne na fara samun ɗan haske. Malaminmu na aji huɗu, Malam Bitrus, Bakambare ne, gidansu na gindin dutsen nan, mutum mai sanyin magana da dogon wuya wanda muke kwaikwayon tafiyarsa in ya ba da baya. Ya ga kwana da kwanaki ba na ɗaga hannu, ni da ake roƙo in yi shiru. Da aka tashi tara ya kira ni, ya zare taswirar duniya da ke naɗe a bayan allo, wadda gara ta cinye gefenta, ya nuna mini ƙasar. Ya ɗora tafin hannunsa a kanta bai rufe ta ba. Ya ce ƙasa ce babba, jiragen da ke tashi a cikinta a yini guda sun fi kwalekwalen da ke mashayar Wara ranar kasuwa, wasu ma ba sa fita waje, daga gari zuwa gari kawai suke yi. "Ban ce maki ba shi ciki ba, Ladidi," in ji shi, "don ban sani ba. Amma ba jirgi guda ba ne." Ban jira a tashi ba. Na bar jakata a aji na sheƙa gida a guje, ta cikin gonar gyaɗar mutane.

Na zata Kaka za ta yi guɗa. Ta saurare ni har na gama, tana tsinke zogale a faifai, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ce in sake faɗi. Na sake. Sannan ta ce to in haka ne, watakila bai taso ba tukuna, yana nan tafe, cikin wannan damina, cikin wannan hadari. Ta juya ta dubi dutsen bayan tunga, wanda gajimare ya rufe rabinsa. Takan ga jirage na wucewa can ƙololuwa, ƙanana kamar shirwa, kuma a ganinta duk wanda zai kawo ɗanta gida dole ta kan dutsen nan zai bi. "Su mutanen can," in ji ta, "ba su sa ma dutsensu alama ba? Shi as sa. To namu ma ba shi da ita."

Sai an san Kaka za a gane maganar nan. A wani tsibiri aka haife ta, cikin kogi, kafin a datse ruwa a Kainji. Da tabki ya cika ya haɗiye garinsu, ya bar itatuwa da duwatsu a tsaye a ƙarƙashin ruwa, ba a ganinsu sai kwalekwale ya hau kansu. Haka kakana ya tafi, cikin hadari, a kan wani kututturen tsamiya da a da yake hutawa a inuwarsa. Tun daga nan mazan tungarmu suke kafa gwangwala a kan kowane kututture da kowane dutse da suka sani, su ɗaura tsumma mai haske a samanta, don mai tuƙi ya gani ya kauce. Kaka ce uwar tsummokaran nan. Ba a yar da tsohon zane a tunga ba ta karɓe ba, kuma in iska ta tsinke wata alama, ba ta barin maza su sha ruwa sai sun mayar. In hazo ya sauka kuma wani kwalekwale ya makara, mata su tsaya a mashaya suna buga tasa suna kiran sunan mai shi, don ya bi murya ya dawo. In babana ne a ruwa, Kaka takan buga tasar, amma kiran sai ta ari bakin maƙwabciya.

Kaka ta ce wa Baffa ya hau dutsen ya kafa alama. Baffa, wanda idanunsa suka faɗa don rashin barci, ya ce, "Iya, don Allah ki bari. Mutane na zuwa gaisuwa, mu kuma a gan mu bisa dutse da tsumma? Cewa za a yi kin taɓu." Da safiyar Asabar, bayan ya fita duba mamarinsa na kamun kifi, Kaka ta kira ni ɗakinta. Ta buɗe tukunyar da take ajiya a ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi. Na san shi. Farin alawayyo ne sabo fil, likkafaninta, wanda ta tanada tun kafin a haife ni. Duk shekara takan shanya shi a rana don kada ya yi wari, tana tsokanata wai in na ƙara satar mata ƙuli ba za ta bar mini gadon tukunyar ba. Na ce, "Kaka, ai wannan na..." Ta katse ni. Ta ce tsumman da ke gidan duk sun dafe da hayaƙin banda, mai tuƙin jirgin sama kuwa daga nesa zai duba, sai fari tas. "In ya dawo, shi sawo min wani. Tashi mu tahi, ƙawata."

Muka fita ta bayan gida, ita da ƙunshi a ka da sanda a hannu, ni ina jan doguwar gwangwalar da Baba ke tura kwalekwale da ita. Gwangwalar ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, tana ta sarƙewa a karan dawa. Kafin mu kai gindin dutse kafaɗata ta saluɓe, ga rana ta ɓace, ga iska ta fara kaɗawa mai sanyi. A nan muka yi kiciɓis da Malam Bitrus a gonar gidansu, da fartanya, ba riga, har na rasa inda zan sa idona. Ya gaida Kaka ya tambayi inda za mu. Ta faɗa masa kai tsaye. Na ga ya buɗe baki, na kuma san abin da zai ce, domin ya fara: jiragen nan suna tafiya can sama da gajimare, kuma wanda zai kawo Baba ba ta nan zai... Sai ya dubi fuskarta, ya dubi ƙunshin da ke kanta, ya gane ko mene ne. Ya ajiye fartanya, ya sa rigarsa, ya karɓi gwangwalar daga hannuna ya saɓa. "Iya, ta nan hanya ta fi sauƙi," in ji shi.

Ba ta yi sauƙi ba. Duwatsun sun yi gansakuka, santsi kamar bayan tarwaɗa, ciyawa ta fi ni tsawo, ga ƙaya. Kaka, wadda ko zuwa mashaya sai ta huta a hanya, ta riƙa hawa da hannu da gwiwa, numfashinta na fita da wani sauti da ya tsorata ni. Ta zame ta kurje gwiwa, jini ya biyo ƙaurinta, ta ce kada wanda ya taɓa ta. A gabas kuwa hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ana walƙiya a cikinsa, tsawa na matsowa. Malam Bitrus ya ce mu koma, gobe ma rana ce, kan dutse ba wurin tsayawa ba ne in ana tsawa. Kaka ta ce jirgi ba ya jiran gobe. Ni dai ina biye, ina karanta duk addu'ar da na iya, har da ta cin abinci, zuciyata na cewa yau zan rasa uba in rasa kaka, kuma ni ce na kawo maganar taswira.

Da muka kai sama na ga abin da ban taɓa gani ba: tabkin gaba ɗaya a shimfiɗe, tungarmu kamar an zubar da goro a faifai, da 'yan gwangwalolin alama tsaye cikin ruwa, kowace da tsummanta. Malam Bitrus ya sami tsagar dutse ya cusa gwangwalar, muka tara duwatsu muka danne gindinta. Kaka da kanta ta ɗaure ƙyallen, ƙulli irin na masunta wanda iska ba ta kwancewa. Da aka ɗaga, iska ta fizge shi ya buɗe, fari fat a gaban baƙin hadarin nan, yana kaɗawa da ƙara. Na ɗauka mun gama. Sai Kaka ta saki sandarta, ta matsa bakin dutsen ta fuskanci gabas, ta sa hannu biyu a gefen bakinta yadda mata ke yi a mashaya. Nan ba maƙwabciyar da za ta ara wa baki.

"Usmanu!" ta kira. "Usmanu! Ga gida nan! Usmanu!"

Muryarta ta fashe a kira na ƙarshe, ta sake, ta sake, har ruwa ya sauko ya rufe ta. Malam Bitrus ya juya baya yana duban wani wuri. Ni kuwa na durƙushe a kan dutse na yi irin kukan da ban yi ba tun ranar Talata, domin a ranar na san wanda Kaka ta fi so a duniya.

Mun sauko jiƙe sharkaf, Malam Bitrus na goye da ita a rabin hanya, tana yi masa faɗa wai ya sauke ta ba gawa ba ce. Zazzaɓi ya kwantar da ita. Baffa ya yi ta faɗa har ya gaji, da ya ji da wane ƙyalle aka yi alamar sai ya bar faɗan, ya fita. A tunga an yi magana, wasu na dariya a ɓoye, wasu na cewa baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa. Amma masu zuwa gaisuwa suka ragu, don ba wanda ke iya yi wa matar nan ta'aziyya alhali likkafaninta na kaɗawa a kan dutse. Ni aka ba aikin dubawa. Kullum da safe kafin in ɗauki tulu sai in fita bayan gida in ɗaga kai, in dawo in ce mata yana nan. In an kwana ana ruwa da iska, gabana na faɗuwa nake fita, domin na riga na ƙulla a raina cewa muddin ƙyallen na tsaye, Baba na da rai. Har Inna na kama ta wata safiya a bayan rumbu, hannu a kan ciki, tana kallon dutsen.

Ranar kasuwar Wara Baba ya dawo, da la'asar, a cikin jirgin kasuwar nan guda da muka sani. Ina mashaya ina wanke tukwane na ji mutanen cikin jirgi suna ihu tun kafin a kashe inji. Na ga wani ramamme da jaka a tsaye a gaba, ban yarda ba sai da ya kira sunana. Ban san lokacin da na shiga ruwa har ƙugu ba. Bai san an yi zaman ɗar-ɗar a kansa ba sai a Wara, inda mai jirgin ya gan shi ya ja da baya yana salati. A tsakiyar tabki ya hango wani farin abu a kan dutsenmu ya tambaya, aka ba shi labari, fasinjoji na dariya. Mai jirgin ya ce shi Baba bai yi dariya ba. Da ya shiga gida Inna ta zauna a ƙasa kamar ranar farko, wannan karon tana kuka da murya. Kaka kuwa tana kwance a ɗaki, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta. Ta juya fuska bango ta ce, "Malamin kifi, an dawo? Ina akurkin?"

Bayan an ci abinci ya ba mu labari. Jirgin da ya faɗi ba nasu ba ne, na cikin ƙasar ne, mai zuwa wani gari a tsakanin duwatsu. Amma akwai wanda ya sani a ciki: tafintansu, wani saurayi mai yawan dariya da ya koya masa cin shinkafa da tsinke, wanda ya gama aiki da su ya tafi gida ganin mahaifiyarsa. Su kuma aka ɗage tafiyarsu saboda ruwa. Baba ya ce ranar da suka taso, jirginsu ya shiga gajimare, ya leƙa taga bai ga komai ba sai fari, ya san akwai duwatsu a ƙasa, ya riƙe hannun kujera har yatsunsa suka yi ciwo. Kaka ta tambaya daga ɗaki ko an kai wa uwar yaron gawarsa. Baba ya ce bai sani ba. Baffa ya ce to gobe sai ya hau ya sauko da ƙyallen, a wanke, tunda buƙata ta biya. "Bar shi," in ji Kaka. "Ɗiyan wasu na bisa hanya."

An bar shi. Rana da ruwa suka cinye shi kafin wata damina, Baba ya hau da kansa ya ɗaura wani, haka kuma ya riƙa yi duk shekara, shi da ya fi kowa sanin jirgi ba ya bi ta nan. Sabon alawayyon da ya sayo mata a Yelwa ta karɓa ba godiya, ta ce bai kai wancan kauri ba. A cikinsa aka naɗe ta bayan wasu shekaru, ƙanena da Inna ta haifa a kakar nan yana ta tambaya ina za a kai ta. Ban ƙara jin sunan babana a bakinta ba har ta koma ga Allah.

Yanzu ɗana na fari yana aiki a nesa, yana hawa jirgi kamar yadda muke shiga kwalekwale. In ya tashi ina ganin jirginsa a fuskar waya yana tafiya kamar tururuwa, in ya sauka ya kira ni kafin ya ɗauki jakarsa, ni kuma in kira sunansa gatsal ba kunya. Ba wanda zai ƙara yin kwanaki irin namu don jin labari, kuma ban ce a dawo da su ba. Bara na je tunga. Gwangwalolin cikin ruwa sun ragu, matasa sun ce sun san hanya. A kan dutsen an kafa dogon ƙarfen sadarwa, da wata jar fitila a ƙololuwarsa mai ƙyaftawa in magariba ta yi. Na tambayi wani yaro amfanin fitilar, ya ce don jiragen sama ne, kada su yi karo. Na daɗe a tsaye a bayan tsohon rumbunmu ina kallonta. Fitilar tana aikinta, amma ba ta san sunan kowa ba.